Tellervo da Hanyar Bayan Gidan Aulis

A ƙauyukan da ke kewaye da garin Kuhmo, can ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara, duk wanda ya yi wa gidansa sabon rufin kwano, kafin ma a yi masa murna sai an tambaye shi, "To, ka kira Tellervo?" Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta haura shekara sittin, gashinta ya yi fari fat, hannayenta duk tabon yankan kwano. Ba ta da yawan magana a ƙasa. Amma in ta hau rufi, har makwabta suna jin muryarta.

Mahaifinta maƙerin kwano ne, 'ya'yansa duka mata. Yayyenta suka watse birane, ita ta tsaya ta gaji almakashi da guduma. Ta iya naɗe bakin kwano, ta iya indararo, ta iya yi wa bututun hayaƙi riga. A zamanin ƙuruciyarta ne mutane suka fara ɓamɓare tsohon rufin katako suna sa kwano mai santsi. Kowa ya ji daɗi, ɗigar ruwa ta ƙare. Sai dai dusar ƙanƙarar da a da take zaune bisa rufi har ta narke a hankali, yanzu da zarar rana ta ɗan ɗumama kwanon sai ta sulluɓo gaba ɗaya, da nauyin da zai iya karya wa saniya baya.

Tellervo ta ga wannan a ƙofar gidanta. Tana da jaririya a lokacin, ta kwantar da ita a keken jarirai a waje don ta yi barcin rana a iska, kamar yadda kowa ke yi. Yarinyar ta farka da kuka, ta ɗauke ta suka shiga ciki. Ko zama ba ta yi ba ta ji gidan ya girgiza. Da ta leƙa, ba keke, sai tulin ƙanƙara da hannun keken a lanƙwashe yana leƙowa. Ta gama shayar da 'yarta, ta miƙa wa mijinta ita, ta wuce maƙerar mahaifinta ta ce ya ba ta bututun ƙarfe. Kafin sati ya zagayo akwai shinge a bakin rufinta. Tun daga nan aikin ya zama nata.

Shingen ƙanƙara iri-iri ne. Akwai na bututu biyu da ake jerawa a bakin rufi, shi ne na yawancin gidaje. Akwai na raga, wanda ko ɓallin ƙanƙara kamar tafin hannu ba ya bari ya wuce, shi take sa wa makaranta da shagon bakin titi. Akwai kuma 'yan ƙananan haƙora da ake warwatsawa a kan kwano, waɗanda ta ce a kai wa mutanen kudu, inda ƙanƙara ke zuwa kamar baƙuwa ta gaisa ta koma. Amma ita ba daga sama take fara zaɓi ba. Sai ta zagaya gidan tukuna kanta a sunkuye, tana duba inda ciyawa ta kwanta, inda ake jingine keke, inda kare ke barci. Sannan ta shiga ƙarƙashin rufin ta taɓa katakan da ke ɗauke da shi. In sun yi mata, sai ta nemi tsani.

Mai riƙe tsanin mijinta ne, Reino, tsohon direban bas. Tun da suka yi aure bai taɓa wuce matakin farko ba. Yakan ce, "Gida ɗaya mahaukaci ɗaya ya isa." Shi ke tuƙi, shi ke miƙa noti, shi ke shan kofin da masu gida suka dafa mata.

Wata kaka, bayan an haƙe dankali, aka kira ta gidan Aulis. Tsoho ne mai kusan tamanin, ya yi rayuwarsa yana sare itace a daji, matarsa Helmi ta rasu da 'yan shekaru. Tun Tellervo tana yarinya ta san shi, shi ya sa har yau Kawu take ce masa. 'Yarsa Marketta, ma'aikaciyar jinya a Oulu, ita ta sa aka sauya masa rufi da bazara, ta kuma zo da kanta don a ƙarasa aikin kafin sanyi.

"Saman ƙofar gaba kawai nake so," in ji Marketta. "Ta nan yake fita. Bayan gidan ba komai sai gonar dankali da daji."

"Bari in zagaya," in ji Tellervo.

Ta bi ta gefen rumbun itace ta ɓulla baya. Nan ta tsaya. Daga ƙofar kicin, wata siririyar hanya ta bi jikin bango, daidai ƙarƙashin bakin rufi, ciyawar ta mutu har ƙasa ta fito. Hanyar ba ta nufi gona ba, ba ta kuma nufi ɗakin wankan sirace ba. Ta kai ƙarshen bango ta ratsa tsakanin bishiyoyi biyu ta shige gidan makwabciya, Sirkka, wadda ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa.

Ta ji tari a bayanta. Aulis ne ya biyo ta yana dogara sanda.

"Kawu, wannan hanyar ta wa ce?"

"Ta zomo ce," ya ce, yana kallon sama.

"Lallai zomon nan ya manyanta. Ga ramukan sandarsa nan a jere."

Tsohon ya cire hula ya mayar. Kunnuwansa suka yi ja. Ya rage murya ya ce, "Shayi kawai muke sha, sai mu ɗan saurari rediyo. Don Allah kar ki gaya wa yarinyar nan. Ba ta gama kukan uwarta ba."

"Ni ba na kai labari, Kawu. Amma ba zan sauka daga rufin nan in bar bayansa tsirara ba. Ranar da ya saki kayansa kana nan ƙasa, sai bazara za a same ka."

"To me za ki ce mata?"

"Abin da ya shafi rufi ni zan faɗa. Abin da ya shafi zomo kuwa, naka ne."

Suka koma kicin. Marketta ta zuba kofi ta yanka burodi mai zaƙi, Reino tuni ya fara. Tellervo ta ɗauki cokali ta kwantar da shi a bakin tebur ta ce, "Kin ga guntun shinge a saman ƙofa? Ba ƙanƙarar da ke bisa ƙofar kaɗai zai tare ba. Ta hagu da ta dama duk a manne suke, in sun taso shi za su rataya wa nauyinsu. Sai ya tsige, ya sauko tare da su. Gara a ja shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, na bututu biyu, a matse shi a haɗin kwanon ba tare da an huda ba."

"Aikinki ne, ke kika sani," in ji Marketta. "A yi hakan."

"Baya ma haka."

Marketta ta ajiye butar. "Baya kuma? Ai na ɗauka in an bar ɓangare ɗaya yana zubarwa, rufin ya fi samun sauƙi."

"Gaskiyarki. In ba mai bi ta wurin."

"To wa ke bi?"

Tellervo ta ɗauki kofinta ta kurɓa. Ba abin da ake ji sai taunar Reino, shi ma da ya lura sai ya tsaya da loma a baki. Aulis ya daɗe yana juya sukarin da tuni ya narke a kofinsa. Can ya ce, "Ni ne, 'yata. Gidan Sirkka nake zuwa. Kullum."

Marketta ta dube shi. Ta tashi ta ɗauki rigar sanyinta ta fita ta ƙofar kicin. Aulis ya yunƙura zai bi ta, Tellervo ta dafa masa hannu. "Zauna, Kawu. Ka faɗi naka, bar ta ta ji da nata."

Sai da kofi ya huce ta dawo. Idanunta sun yi ja. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ni da nake can ina kasa barci ina cewa kana nan kai kaɗai kana magana da bango? Da ka gaya min ai da na huta." Ta juya ga Tellervo. "Na bi hanyar har ƙarshe. A ƙarƙashin rufin Sirkka take ƙarewa, shi ma kwano ne, kuma ba shinge. In za a yi, a yi duka biyu."

Haka suka ɗunguma su huɗu ta tsakanin bishiyoyin nan. Sirkka na tsaye a bakin ƙofarta, doguwa, siririya, hannu a ƙugu.

"Yau kuma zuga ka yi min, Aulis? Kofuna biyu gare ni."

"Rufinki muka zo gani, Sirkka," in ji Tellervo.

"Me ya yi miki? Ya girme ki."

"Shi ne abin da nake tsoro."

Tellervo ta hau saman silin da fitila da 'yar wuƙa. Ba ta daɗe ba ta sauko tana kakkaɓe yanar gizo. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna musu garin katako mai laushi kamar burodi.

"Ba zan sa shinge a nan ba," ta ce. "Rufin nan abin da ya tsirar da shi har yau shi ne yana zubar da kayansa. In na tare ƙanƙarar ta zauna, katakan ba za su ɗauka ba, a kan gadonki za ta sauko maimakon ƙofa."

"To a yi yaya?" in ji Marketta.

"Ko a sauya katakan duka, wannan kuma sai bazara, sanyi ya riga ya ƙwanƙwasa. Ko a toshe ƙofar nan a fasa wata a gefen da rufin ba ya zubarwa." Ta dubi Aulis. "Ko kuma a sauya wa mai gidan wuri."

Reino ya fashe da dariya har ya sarƙe. Sirkka ta harare shi, ta harari Tellervo. "Ni kujera ce da za a sauya min wuri?"

"Ai abin da Tellervo take nufi..." Aulis ya fara.

"Na ji abin da take nufi, ba kurma ba ce ni. Kai me kake nufi? In kana da magana ka faɗe ta da bakinka, kar ka laɓe a bayan mai kwano."

Tsoho ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. Ya dubi 'yarsa, ta gyaɗa masa kai. Ya ce, "Gidana yana da ɗumi, Sirkka, kuma ya yi min yawa. Ki dawo wurina."

"Da munsharin naka?"

"Akwai ɗaki biyu."

"Zan yi tunani," ta ce, ta shige ta rufe ƙofa. Amma duk sun ga labulen taga yana motsi har suka bar wurin.

Washegari Tellervo ta hau rufin Aulis. Ta ja zare daidai saman bango, inda rufi ya fi ƙarfi, ta jera maƙalai a haɗin kwano ɗaya bayan ɗaya, ta zura bututu, gaba da baya. Ɓangaren baya ya fi tsawo daga tsororuwa zuwa baki, don haka ta ƙara masa layi na biyu a tsakiya. Da ta gama ta taka shingen da ƙafa ta yi tsalle a kai, abin da kullum ke sa Reino rufe ido yana cewa, "Wata rana sai kin mayar da ni gwauro a banza."

Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka, makwabta suka ga Sirkka tana jan keken ɗinkinta bisa amalanken da ke sulɓi a kan ƙanƙara, kyanwarta a cikin kwando, Aulis na biye da tukunyar fure yana ba da umarnin da ba wanda ke ji. Ba su je coci an ɗaura musu aure ba. Sirkka ta ce ita baƙuwar sanyi ce, da bazara za ta koma gidanta. Bazara ta zo aka sauya katakan rufinta, aka sa shingen, ta je ta duba ta ce aiki ya yi kyau, sannan ta ba wa jikarta makullin.

Tellervo kuwa gwiwarta ta hagu ta fara gardama a wannan shekarar. Likita ya ce a yi mata aiki, ta ce ta yarda, amma sai ta gama da zauren taron ƙauye, wanda rufinsa ke kallon inda yara ke jiran bas. Ta gama shi, na raga ta sa masa. Aka yi aikin gwiwar, ta kwanta a gida tana faɗa da Reino a kan yadda yake dafa miyar kifi. Da ta fara takawa ba sanda, wata safiya ya fito ya tarar ta ɗora tsani a mota tana zaune a gaba tana jiransa.

"Ina kuma?" ya ce.

"Sotkamo. Wasu sun sayi tsohon gida, suna da tagwaye. Tayar da mota."