Maɓallin da Ba Shi da Iyaka

Malam, mijina, ya yi rayuwarsa yana bugun jikin mota a unguwar Abossey Okai. Guduma ta cinye masa kunne, amma bai taɓa yarda ba. In na ce ba ya ji, sai ya ce, "Hajiya, ke ce kike magana a cikin mayafi."

Da ya bar aiki, kullum da hantsi yana zaune a bakin lungunmu na unguwar Nima yana sauraren tafsiri a waya. Yana haɗa wayar da wani ɗan akwatin ƙara sauti, daga nan zuwa abin kunne. Akwatin yana da maɓalli na murɗawa mai farin layi. Ni ban san lamba ba, amma ina da ido. In ina shara nakan duba inda layin ya tsaya. Wani azumin yana kallon hagu, wani azumin ya miƙe sama. Da haka nake auna abin da ya rage masa. Na yi niyya, ranar da layin ya karkata dama, asibiti za mu, ko yana so ko ba ya so.

Sai maɓallin ya fara ƙarar-ƙarar, kuma in an rage sauti kunne ɗaya ya fi ɗaya. 'Yarmu ta ɗauke mu zuwa wani shago a kasuwar Circle ta saya masa sabon akwati. Mai shagon yana ta yabon kayansa.

"Mma, wannan ba ya tsufa. Ki murɗa maɓallin har gobe, ba ya tsayawa."

"Layin fa?"

"Wane layi? Na zamani ne!"

Ya nuna wa Malam rami biyu na sa igiyar abin kunne. Ya ce babban ya fi ƙarfi, don kowane kunne da nasa wayoyin, sai dai yana ɗan shuu ko ba a kunna komai ba. Malam ya ce, "Sa min a babban." Ban ji daɗin saurin da ya zaɓa ba.

Daga nan idona ya daina amfani. Maɓalli sumul, yau kamar jiya. In na tambaya, sai ya ce, "Ras nake ji." Na so a koma wa tsohon, aka ce an jefar.

Wata rana na kawo masa koko, na tarar yana gyaɗa kai kamar mai bin karatu. Igiyar da ke shiga wayarsa kuwa tana ƙasa, ta fita tun ban san yaushe ba. Daga inda nake tsaye ina jin shuu ɗin yana fita daga abin kunnen kamar ruwan sama a kan kwano.

Na durƙusa na mayar da igiyar. Muryar mai tafsiri ta fashe har maƙwabciya ta leƙo. Malam bai ko ƙifta ido ba. Ya karɓi kokonsa ya ce, "Sannu, Hajiya. Yau karatun da daɗi."

Na ce, "Da daɗi, Malam." Bakina yake kallo, da ido yake jina.