Ramin Yumɓun Kakata

Kakata maginiyar tukwane ce, a wani ƙauye kusa da Sassumbrum. Tun kafin a haifi babana take ɗibar yumɓu a rami guda, a gefen gonar wani Alhaji, ba wanda ya taɓa ce mata kanzil. Ramin nan shi ne cinta, shi ne suturarta.

Ina shekara ta uku a jami'a, a Damagaram, aka ɗauki wasunmu istaji, wato koyon aiki, a labo, inda ake binciken ƙasa da ƙarfe da makamantansu. Malaminmu ya ce kowa ya kawo abin da ake aiki da shi a garinsu. Ni kuwa na kinkimo yumɓun kaka a buhu, 'yan ajinmu suna ta dariya, wai na ɗebo musu gona. Muka cuɗa shi da ƙaiƙayin gero, muka gina tukunyar tace ruwa, muka gasa, muka zuba ruwan tabki a ciki. Sai ga ruwa yana ɗiga ta ƙasa garau. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Daga nan aka shiga koya mana yadda ake yi wa jama'a bayanin bincike. Malamar da ke koyar da mu kullum maganarta guda: "In kakarka ba ta gane ba, kai ma ba ka gane ba." Da na ƙware, aka shirya mini hira a rediyon yankinmu.

Na je gida na fara gwadawa a kan kaka. Ta gane sarai.

"Maigida," haka take kirana don tsokana, "ashe bokon naka zai yi rana. To ka faɗi ramin, ka faɗi gonar. Matan garin Kwaya masu ginin tukwane sun ishe ni da cika baki, wai nasu ya fi nawa."

Na faɗa kuwa a rediyon. Na ce cikin duk yumɓun da muka gwada babu kamarsa.

Bayani ya shiga kunne, har kunnen mai gona. Kafin kasuwa ta zagayo ya sa an kewaye ramin da ƙaya. Wai tunda abin ya kai rediyo, manyan baƙi suna nan tafe da kamyo, manyan motocin kaya, su sayi yumɓun.

Kaka ta ce, "Kai da aka koya wa magana, je ka yi masa."

Na je na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba Alhaji, ba mai zuwa. Gwajin ɗalibai ne, aikin ma an rufe shi."

Ya dube ni ba fushi ba dariya. "Ɗana, da kunnena na ji ka. Ko a rediyon ka yi ƙarya, ko yanzu kake yi. Wanne ne?"

An koya mini yadda ake sa mutum ya yarda, ba a koya mini yadda ake warwarewa ba. Na taso raina a ɓace.

Kaka ta gwada yumɓun wani wuri, tukwanen suka dinga tsagewa a wuta. Masu sayenta suka koma wajen matan Kwaya. Damina ta zo ta cika ramin da yashi, ba kamyo ba dalilinsa, ƙayar kuma tana nan.

Da na ƙare karatu na roƙi ragowar samfurin da ke labo, ɗan curi kamar dunƙulen fura, na kawo mata. Ta jiƙa, ta shinshina.

"Shi ne," ta ce.

Na ce, "To gina mini ɗan kasko mana, tsohuwa."

"Kai, maigida! In na gina ai ya ƙare."

Ta naɗe shi a tsumma ta tura gindin randa. Kullum safiya takan yayyafa masa ruwa don kada ya bushe.