Hamma Mijinyawa, Mai Sallama a Ɗakin da Ba Kowa

Ku gafarce ni da zan ɗauke muku hankali da wannan rubutu. Ban saba ba. Ni malamar allo ce a Ƙofar Wambai, 'yan mata nake koya wa karatu, kuma da don kaina ne da na yi shiru na ci gaba da addu'a.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Mijinyawa, mai motocin kwasar kayan ƙaura, bayan gajeriyar jinya. Aka sallace shi bayan azahar.

Hamma, a-kori-kura biyu ce duk dukiyarka, amma ka tafiyar da su da tsoron Allah. A wannan sana'a akwai masu kwaso samari daga ƙauye, su karɓe musu waya da katin shaida, su kulle su a gareji wai don kada su gudu. Kai ba ka taɓa riƙe wayar kowa ba. Wanda ya gaji da aikin, sallama yake yi ya tafi da rana tsaka. Idan rana ta take, kai ne mai cewa a sauke firji a sha ruwa, ko da mai gida na duba agogo. Sirrin gidajen mutane kuwa, ko matarka A'i ba ta taɓa jin sunan gidan da ka kwashe ba. Kakan ce wanda ya buɗe maka ƙuryar ɗakinsa amana ya ba ka.

A bayan motocinka an rubuta: Kaya a Baya, Mutum a Gaba. Mutane kan ɗauka ado ne. Ni na san asalinsa, domin a gidana ya sauka.

Shekarun baya, kun gama loda kayan wani gida a GRA, ka zagaya ɗaure tamfol, sai ka ga ƙafa tsakanin katifu. Wata mace ce aka zaunar cikin kaya. Uwar gidan ta ce ai mai aiki ce, a nan za ta tafi. Ka sauke ta, ka tambaye ta ita kaɗai ko da son ranta za ta bi su. Ta ce a'a. Ashe tun da aka kawo ta ba ta taka bakin ƙofa ba, ba albashi, ba waya, mutanenta a Bogoro sun ɗauka ta mutu. Ka kai maganar gaban hukuma, ita kuma ka kawo ta wurina, tunda kai namiji ne. Christabel ke nan. Ta zauna a ɗakin da ke kusa da rijiya, ranar Lahadi ta tafi cocinta a Yelwa, har ɗan'uwanta ya zo. Yanzu tela ce, kuma har yau Baba take ce maka.

Tun daga ranar ka ɗauki wata al'ada. Idan an fitar da kujera ta ƙarshe, sai ka koma cikin gidan kai kaɗai, ka bi ɗaki ɗaki, har sito da boskwata, ka yi sallama, ka tsaya ka saurara. Na taɓa gani da idona ranar da ka kwashe kayana. Ɗakin da ba kowa yakan maido wa mutum muryarsa. Direbanka Sabitu yakan tsokane ka: "Maigida, mun gaji, aljanun sun amsa ko mu jira?" Kai kuma ka ce, "In sun amsa, kai za ka ba su kujerar gaba."

Litinin ɗin da ta gabaci rasuwarka, Sabitu ya tafi jana'iza Darazo. Wani mutum ya zo bakin gareji da kansa, ba ta waya ba, ya ce a kwashe masa kayan gida, yana sauri. Ka tuƙa motar da kanka, ka ɗauki 'yan dako biyu a hanya, waɗanda ba mu san su ba. Bayan la'asar ka biyo ta gidana, ko zama ba ka yi ba.

Ka ce, "Radiyya, ki share ɗakin rijiya ki shimfiɗa tabarma. Gobe kina da baƙuwa."

Na ce, "Wace ce, Hamma?"

"Ban ga fuskarta ba. Sito ne da kwaɗo a jiki. Na yi sallama, aka amsa, ƙasa-ƙasa. Sai aka ƙwanƙwasa daga ciki."

"Mai gidan fa?"

"Wai ɓeraye ne. Wai kayan ciki shi zai dawo ya ɗauka, makulli na hannunsa. Ke da kika yi karatu, ɓera na amsa sallama?"

Ka ce ba ka tayar da rigima ba don kada a sauya mata wuri kafin ka zo da jami'ai da safe. Na tambayi unguwar, ka ce sai a gaban hukuma za ka faɗa. Halinka ne, ban yi mamaki ba.

Kana alwalar magariba ka faɗi. Ɓarin jikinka ya shanye, magana ta ɗauke, kalma ɗaya ta rage a bakinka. A gadon asibiti sai ka ce assalamu alaikum, ka karkata kai kana saurare, sannan ka ƙwanƙwasa ƙarfen gado da hannun da ke motsi. Masu dubiya suka riƙa amsawa, wasu na cewa mala'iku kake gaisarwa. Duk amsar da aka yi sai ka girgiza kai. Na miƙa maka alƙalami, yatsun suka kasa. Na riƙa kiran sunayen unguwanni a kunnenka, GRA, Yelwa, Fadaman Mada, kana kallona hawaye na bin gefen fuskarka. A haka ka cika, kunnenka a karkace.

Mun kai magana hukumar da ke yaƙi da fataucin mutane. Sun saurare mu da mutunci, amma sun ce sai da gida. Tun bayan sadakar uku Sabitu da Christabel suke yawo, duk gidan da suka ga ba labule a taga sai su tsaya. Sabitu mai tsokana, yanzu shi ke kafa baki a jikin ƙofa yana sallama. Christabel ta ce mini, "Malama, wanda ke ciki ba ya ihu. Saurare yake yi. Na sani."

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Mijinyawa. Yadda ya ƙi barin kowa a ɗaki shi kaɗai, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Ka yalwata masa, Ka haskaka masa, Ka sa mala'ikun rahama su tarbe shi da sallama. Ina miƙa ta'aziyya ga A'i da 'ya'yanta Hafizu da Madina, da Sabitu da sauran ma'aikatansa, da Christabel. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Roƙona ga mai karatu ɗaya ne. Idan kai ne ɗaya daga cikin 'yan dakon ranar Litinin, ko kin ga shuɗiyar mota mai rubutun Kaya a Baya, Mutum a Gaba a ƙofar maƙwabta, ku zo garejin Ƙofar Wambai ku nemi Sabitu, ko ku tambayi gidan Malama Radiyya. Ba za a ambaci sunanku ba. Ban sani ba ko ana kai wa wadda ke cikin siton nan ruwa.

Ɗakin na share, tabarma na shimfiɗe. Don Allah ku amsa da wuri.