Ƙwarya Takwas Don Sirrin Mutum Ɗaya

Katsina zuwa Batsari

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na rataya jakata na nufi tasha. Aikina kai wa masu ɗauke da cutar ƙanjamau magani, kuma shirin namu ya kusa rufewa, don masu tallafa mana sun ce lokaci ya yi da mutanen gari za su riƙe abinsu. Wata uku muna taro a otal kan yadda za a samo masu riƙon, babu abin da muka tsinana sai shan shayi. Amma ran nan mutum ɗaya ne ya tashe ni, zan kira shi Malam Sule. Maganinsa zai ƙare washegari, ga shi ya faɗo daga amalanke ya karya ƙafa.

Bas ɗinmu ta tashi shida da kwata, ni da buhun taki muna kujera ɗaya. A shinge na biyu jami'i ya leƙo ya ce, "Me ke cikin jaka?" Na ce takardun asibiti. Nan take ya manta da bincike, ya hau ba ni labarin ciwon bayansa, har direba ya ce, "Yallaɓai, ko mu bar maka shi mu dawo?"

Batsari

Takwas saura muka iso, tafiyar kilomita hamsin da wani abu. Na karya da koko da ƙosai, abin da na yi nadamarsa daga baya. Hajiya Binta, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu karɓar maganin, ta ƙulle mini kwalaben a baƙar leda.

"Sule tsallake asibitin kusa da su yake yi ya zo nan, don kada a gane," in ji ta. "In ka sauka ƙofarsa shi kaɗai, kafin la'asar gari ya ɗauka. Ka tsaya kowane gida a layin, ka ce awon hawan jini kake."

Ta miƙo mini abin awon. Na yaba dabararta ƙwarai, don ban yi tunanin fura ba.

Safana zuwa bayan Zakka

Wani dattijo mai babur, Malam Lawal, ya ɗauke ni. Goma da kwata muka ratsa Safana, sha ɗaya muka wuce Zakka muka shiga ƙauyen ta cikin gonakin gero. Gidan Sule shi ne na takwas a layin.

A zauren farko muka gaisa da maigida: gajiya, iyali, shanu, ruwa, mutan Katsina ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ƙwaryar fura da nono, mai sanyi, mai kauri. Na shanye ina santi. Gida na biyu ma haka. A na uku na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, maigidan ya ɓata rai.

"Likita, ka sha ta gidan Audu, tamu ce ba ta shawuwa? Mi muka yi maka?"

Na sha. A na biyar na kwance bel a ɓoye. A na shida ina auna wani tsoho, ya dube ni ya ce, "Kai ya kamata a auna, ɗan nan." Malam Lawal kuwa, wanda na sa rai zai taya ni, ashe azumin nafila yake, yana gefe yana ta yi mini sannu. Ban taɓa jin haushin mai ibada irin na ranar ba.

Ƙarfe biyu da rabi na shiga zauren Sule kamar mai tsohon ciki. Yana kishingiɗe, ƙafa ɗaure da karan dawa. Na tura Malam Lawal neman inuwa, na zaro ledar. Ina miƙa masa ke nan sai ga wata tsohuwa da ƙwarya ta takwas. Gwaggo Hassu ce, ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da man shanu. Sule ya yi maza ya tura ledar ƙarƙashin tabarma. Na ce a raina shi ke nan, na tona masa asiri.

Ta ajiye ƙwaryar ta zauna.

"Likita, haka za ka riƙa kashe kanka da hura? Ni duk mako ina kasuwar Batsari. In Sule ya yarda, a riƙa ba ni in sako cikin ƙwaryata. Wa ke buɗe kayan tsohuwa?"

Sule ya dube ta. "Gwaggo, tun yaushe kika sani?"

"Tun shekarar da ka rame kamar kara, ka fara zuwa Batsari, ka dawo mutum."

"Ba ki ce komai ba."

"Kai ma ba ka ce ba. Ina dai leƙowa in ga ka sha."

Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Can ya ce ya yarda. Wallahi ni ma sai da na share ido.

Komawa gida

Malam Lawal ya ce kada yamma ta same mu a hanya, muka iso Batsari ƙarfe huɗu da rabi, kowane rami ina jin sa har wuya. Na ba Hajiya Binta labari, ta yi dariya har da riƙe bango, sannan ta rubuta sunan Gwaggo a katin Sule. Ana kiran magariba na shiga gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen ƙauyen da suka karrama baƙo har suka kusa kwantar da shi.

Bayan mako guda Hajiya Binta ta kira ni. Ta ce Gwaggo Hassu ta zo, ta ɗaga faifan ƙwaryarta ta fito da kati biyu. Na wasu mutane ne a layin, waɗanda kunya ta sa suka daina zuwa tun bara. Su suka aiko ta, suna tambaya ko har yanzu za a karɓe su.