Abin da Aka Yi wa Ɗaya

Shekarun baya, ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, na koma gida da wata kula mai ƙanƙara ɗaure a bayan mashin, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ilimi. Da yawanku kun sha tambayata me ya kai ni binciken ciwon dajin mafitsara. Nakan ba ku irin amsar da ake bayarwa a wurin taro, mai tsafta, marar ƙarnin kifi. Yau zan faɗi ta ainihi.

Mu tagwaye ne, ni da ɗan'uwana, irin waɗanda ko mahaifinmu sai ya kira suna ya ga wanda zai waiwayo. An haife mu a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara, a ƙasar Bagudo. Mahaifiyata daga tsallaken iyaka aka auro ta, ɓangaren Benin, shi ya sa in ranta ya ɓaci da Dendanci take mana faɗa. Doka ɗaya gare ta a kanmu: abin da aka yi wa ɗaya, a yi wa ɗayan. Riga iri ɗaya, aski rana ɗaya. In na saci kifi a kan banda, mu biyu za a zane. Da yake ni ne marar jin magana, ɗan'uwana ya sha duka a banza fiye da kowane yaro a garin.

Sau ɗaya tak ta karya dokar nan. Da muka gama firamare aka samu gurbin makarantar kwana, mahaifinmu ya ce ba zai iya sakin mu duka ba, dole ɗaya ya zauna ya kama masa jirgi. Ya bar mata zaɓi. Ta zaɓe ni, don kowa ya san ni matsoracin ruwa ne, shi kuwa ɗan'uwana kamar a cikinsa aka haife shi.

A lokacin duk yaron garinmu yana fitsarin jini. Ba ma ɗaukarsa ciwo, har alfahari muke yi, wai alamar girma ce. Sai a makaranta na ji sunansa tsargiya, aka ba mu ƙwayoyi muka haɗiya, na rabu da shi, na kuma rabu da kogi. Ɗan'uwana ya ci gaba da shiga ruwa safe da yamma, yana jefa ragar birgi, yana duba tarkon gura, shekara da shekaru.

Ina karatun digiri na biyu a Sakkwato aka kawo shi asibiti, fitsari ya ƙi fita. Aka yi masa aiki, aka ce ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Malamina a lokacin yana tara samfur daga masu irin wannan ciwon, ya nemi yardar ɗan'uwana, ya yarda. Bayan an sallame shi sai aka ga ana buƙatar jininsa. Abin da ya kai ni gida da kula ke nan, tare da wani ma'aikacin lafiya da na ɗauko a Bagudo.

Na same shi a kwance ƙarƙashin rumfa, ya rame, sai gemu. Zamanin kowa ya tsayar da gemu, shi ma ya tsayar, ni kuwa kullum ina ƙwal kamar ƙwai. Mahaifiyata ta daɗe tana mita a kan haka, wai ko ni in tsayar ko shi ya aske, ta gaji da ganin mun bambanta. Ni kuma ina ganin gemu bai dace da farar rigar ɗakin bincike ba.

"Likita bokan Turai," in ji shi. "Ka zo ka ƙarasa shanye abin da ya rage?"

Ni ba likita ba ne, kuma ya sani. Na ce, "Sarkin ruwa, miƙo hannu, ba ni da lokacin surutu."

An ɗaure masa hannu ke nan mahaifiyata ta fito daga ɗaki ta tsaya a kanmu. Na zaci za ta hana ne, don mutanenmu ba sa son a tafi da jininsu wani wuri. Har na shirya dogon bayani. Sai ta ce, "In an ɗibi nashi, a ɗibi naka."

Na ce, "Inna, ni lafiyata lau."

"Shi ma bara lahiyatai lau. Miƙa hannu."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A nan na gane abin da take tsoro. Tsofaffin garinmu suna cewa in tagwai ɗaya ya tafi, yakan kira ɗan'uwansa. Tun ranar da aka faɗa mata sunan ciwon, ashe ba ɗa ɗaya take wa kuka ba, biyu ne. Tana kallona tana ganin ciwon nan a kwance cikina yana jiran ranarsa.

Na miƙa hannu don a zauna lafiya. Ga abin kunya: ni da nake wuni cikin jinin mutane, ina ganin nawa yana hawa sirinji sai duniya ta fara juya mini. Da na dawo hayyacina ana yayyafa mini ruwa, ɗan'uwana yana dariya yana dafe da mara saboda zafi. Rabon da a ji dariyarsa tun kafin aiki. Da a ce na san haka, da na suma sau biyu.

Na koma Sakkwato da kwalba biyu maimakon ɗaya. Na kai wa malamina ina ba shi haƙuri, na ce ta biyun tawa ce, rigimar tsohuwa ce kawai, zan zubar. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Kai tagwai ne, kuma ka zauna a gabana duk watannin nan ba ka faɗa ba?" Ya hana ni zubarwa. Ya sa aka leƙa mafitsarata da na'ura, ba a ga komai ba sai tsohon tabo. Sannan ya aika da samfurinmu wurin abokan aikinsa a ƙasar waje.

Da sakamako ya dawo ya zaunar da ni. Ƙwayoyin gadon da muka zo da su duniya iri ɗaya ne. Amma a cikinsu akwai waɗanda aikinsu gadi ne, su ke hana tsoka ta yi girman da ba a sa ta ba. A ƙarin dajin da aka ciro daga mafitsarar ɗan'uwana, wasu masu gadin suna nan ba su ɓace ba, sai dai an sa su barci. Malamina yana zargin ƙwan tsutsar tsargiya ne da suka shekara suna gurzar mafitsarar. Ya gargaɗe ni cewa mutum biyu ba sa zama hujja, amma tambaya ce da ta isa mutum ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. Ban san da ni yake ba.

Na hau mashin na nufi gida da murna, ina ɗauke da albishir. Na tarar da ita tana juya kifi a kan banda, shi yana rumfarsa. Na ce ta tuna yadin da takan yanka mana riga biyu? Tawa takan kai wata sallar da kyanta, tasa kuwa ruwa da rana sun cinye ta. Na ce haka jikinmu yake, yadi ɗaya ne, wahalar ce ba ɗaya ba.

Ta ce, "Ba shi kiranka ke nan?"

Na ce, "Rai na hannun Allah, Inna. Amma wannan ciwon ba ya jikina."

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane, tana ta hamdala. Da na yi shiru a nan, da na gama aikina. Amma ɗan boko in ya fara bayani sai ya ga ƙarshensa. Na shiga labarin katantanwar kogi, da tsutsar da ke fitowa daga cikinta ta huda fata, da yadda kowace shiga ruwa take ƙara ciwo a kan ciwo. Ta saurara har na gama.

"To ruwa yac ci shi," ta ce a hankali. "Ni kau nib bar shi ga ruwa."

Na kawo mata ɗa ɗaya, na ɗora mata nauyin ɗayan. Daga rumfa sai muka ji muryarsa.

"Inna, bari wanga zance. Da ni kinka tura boko, kahin la'asar na gudo. Shi kau wanga da allura ka kayarwa, da kin bar shi ga jirgi, da tuni munka yi sadakar bakwai. Kowa kin kai shi inda za shi iya. Na ci kihi, na tara ɗiya, ban yi asara ba."

Ta yi dariya hawaye na zuba, ta zage shi da Dendanci, sannan ta juyo ta zage ni, don kada a yi wa ɗaya a bar ɗaya.

Bai ga damina ta gaba ba.

Daga wannan kwalbar da na so zubarwa aikina ya taso. Na yi digiri na uku a kan masu gadin nan da ake sa wa barci, na tafi waje, na dawo, har yau ina neman yadda za a gane barcin da wuri, daga fitsari kawai, kafin masunci ya kai inda ɗan'uwana ya kai. An samu ci gaba, ba a kai ba tukuna. Ragowar jininmu yana firiza, kwalba kusa da kwalba. Duk zuwan da na yi gida har ta rasu, mahaifiyata ba ta taɓa tambayata me na gano ba. Tambayarta ɗaya ce: "Suna tare?" In ce suna tare.

Kewarsa ba ta tsufa. Wasu in sun rasa ɗan'uwa sai su nemi hoto, ni madubi ya ishe ni, kuma shi ne abin da ya fi ciwo. Kowace furfura da ta fito mini, nakan ce haka da tasa za ta fito. Ina kewar ƙarar birgi in ya faɗa ruwa, ina kewar mutumin da zai kalle ni da duk takarduna ya kira ni matsoraci.

Bayan rasuwarsa na daina aski. Da na koma gida sallar layya gemu ya cika, na yi sallama a ƙofar gida. Mahaifiyata ta ɗago kai, ƙwaryar hannunta ta suɓuce. Ta ƙura mini ido. Sannan ta matso ta shafa gemun da hannunta mai ƙanshin hayaƙin banda.

Ta ce, "Sai yanzu kag ga dama."

Ita ma ta tafi yanzu. Gemun ya yi fari, ban aske ba.