Ranar Da Mama Ta Ji Maganarta A Bakin Wata

Akwai wata ranar Laraba da ba na jin za ta fita daga raina har in tsufa. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kamazou, muna zaune a gidan haya a Romi, ni da maigidana da 'yarmu wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ina ɗan taɓa rubutu, amma irin wanda ake ɓoyewa a ƙasan akwati. Matar fastonmu ce ta jawo min aiki, ta ce tunda ni malama ce, ni zan rubuta wasan kwaikwayon da zumuntar mata za su yi ranar bikinsu. Na amsa da sauri, har da ɗan ɗaga kai.

Mako biyu na yi ina fama. Duk wanda na sa a cikin wasan, in ya buɗe baki sai ka ce sanarwa yake karantawa. Maigidana ya duba shafi ɗaya ya ce, "Ya yi kyau. Amma wa ke magana haka a garin nan?" Ranar dai bai ga nama a miyarsa ba.

To, a gidanmu akwai wata dattijuwa mai sayar da kunun acca, kowa Mama yake ce mata. Ita ke riƙe min yarinya kullum in na tafi makaranta, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Amma fa akwai baki. Abin da ya fi haɗa ta da mutanen gida shi ne rijiya. Haka kawai wata rana ta sayo kwaɗo ta kulle murfin, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Mai son ruwa sai ya je ya same ta, ta zo ta buɗe, ta tsaya a kansa har ya gama ja, ta mayar ta kulle. Wata safiya ina jin ta ta taga tana yi wa wani maƙwabcinmu faɗa: "Ka je ka gaya wa mai gidan. Ni ba na magana biyu, ta ukun ma ba ni da ita." Na tuntsire da dariya, sai kuma na ga hannuna ya kai kan biro.

Cikin kwana uku na gama wasan. Labarin wata marowaciya ce mai hana maƙwabta ruwa, daga ƙarshe ta yi nadama ta tuba a gaban jama'a. Maganganun Mama na kwashe kaf na zuba mata a baki, ko wasali ban canza ba. Da na karanta wa matan zumunta, wata har da riƙe ciki don dariya. A raina na ce ashe haka rubutu yake da sauƙi. Ban ji tsoron komai ba, tunda Mama ba cocinmu take zuwa ba.

Ranar Larabar nan da yamma muna tsakiyar gwaji. Wadda ta fito a matsayin marowaciyar ta ɗaure makulli a bakin zane, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Ni ba na magana biyu, ta ukun ma ba ni da ita." Kowa ya fashe da dariya. Ina juyawa sai ga Mama a bakin ƙofa, goye da 'yata. Ashe kasuwa za ta, maigidana bai dawo ba, shi ne ta biyo ta kawo min ita. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta kwance yarinyar ta miƙo min, ta ce, "Ta ci abinci," ta juya ta tafi.

Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Duk hanyar gida ina tunanin wa zai riƙe min yarinya gobe, da kuma idon da zan kalle ta da shi. Na same ta tana wanke robobin kunu, na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri, na yi miki laifi."

Ta ce, "Malama, tashi, ƙasa da ruwa. Ba wai kin sa ni a wasa ba ne ya dame ni. Waccan matar ma ba ta iya ni ba, ni ba na riƙe ƙugu. Amma ke kin taɓa tambayata me ya sa na kulle rijiyar?"

Na ce ban taɓa ba.

Sai ta ba ni labari. Shekarun baya suna zaune a unguwar Television, 'yar maƙwabciyarta ta faɗa rijiyar gidan da rana tsaka, maza duk sun fita aiki. Ita aka ɗaura wa igiya a ƙugu, mata suka zura ta. Yarinyar ta rayu, yanzu ma tana da 'ya'ya. "Amma har yau in na ga rijiya a buɗe, sai in ga kamar ranar ce ta dawo," in ji ta. "Ranar da 'yarki ta taka ƙafa ta yi taku uku, washegari na sayo kwaɗon nan. Mutanen gidan nan ba mai rufe murfi. In na ce don yara na yi, za su ce to, gobe su bar shi a buɗe. Gara su ce ni muguwa ce."

Na ce zan yaga wasan. Ta ce, "Ki yaga ki ba matan me? Kawo nan ki karanta min." Muka zauna a kan benci ina karantawa tana gyara min. "Wannan ba haka ake faɗa ba." "Wannan mijin ya cika surutu, rage masa." Wurin tuban kuwa cewa ta yi in cire shi gaba ɗaya, wai me matar ta yi da za ta tuba.

Na sake rubuta rabin wasan. Matar ta ci gaba da faɗanta, ana dariya, har zuwa inda maƙwabta suka gano dalilinta. Ranar biki Mama ta sha ɗaurin kallabi ta zo ta zauna a layin gaba, tana gyara wa mai wasan magana da ƙarfi daga inda take. Da aka zo wurin igiya, ko kalma ɗaya ba ta gyara ba. Bayan an tashi mata uku suka tare ni, kowacce ta rantse cewa da wata maƙwabciyarta nake, ɗaya kuma ta ce gobe za ta nemi mai walda ya yi wa rijiyarsu murfi.

Na yi rubuce-rubuce da yawa bayan wannan, kuma har yanzu a bakin mutane nake samun abin rubutawa, a mota, a kasuwa, a ɗakin malamai. Sai dai tun daga ranar na gane cewa kwaso maganar mutum aikin kunne ne kawai, kowa zai iya. Kafin in sa mutum a takarda, sai na san abin da ya sa yake yin abin da yake yi. In ban sani ba, sai in ajiye biro in je in tambaya.