Kuɗin Mamaci

Shekaru ke nan da suka wuce, lokacin ina master, wato digiri na biyu, a jami'a, ina bincike kan murzuna, tsutsar nan da ke cinye zangarniyar hatsi. Na zo gida Dakoro ina bin gonaki har wajen Kornaka ina tsintar tsutsa cikin kwalba, abin da mahaifiyata ke kira karatun rashin ƙyama.

Ranar wata Litinin saƙo ya shigo mani ta imel. An zaɓe ni in je Dakar taron masana ƙwarin amfanin gona, in gabatar da aikina. Jirgi da masauki duk an ɗauka, daga wani tallafi da aka kafa don tunawa da wani farfesa da ya rasu. Sharaɗi guda ne: in amsa kafin sha biyun ranar Juma'a, in ba haka ba a ba na bayana. Ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba!

Da gudu na iske mahaifina a zaure yana gyaran hauya. Ba na tsallake iyakar ƙasa ba da yardarsa ba, wannan kowa ya sani a gidanmu. Ya ji ni har ƙarshe, ya ce, "Uwata, wa zai biya?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Nan bakina ya ja mani. Maimakon in ce tallafin ɗalibai ne, sai na ce, "Kuɗin wani mamaci ne, Baba."

Ya aje hauyar. "Mamaci? An raba gadonsa? Ya bar marayu?"

Na ce ban sani ba, kuma ba haka abin yake ba.

"To ba ki zuwa. Ɗiyata ba ta hawa jirgi da haƙƙin maraya. Sai na ji daga bakin magada."

Wallahi na ji kamar in kurma ihu. Na yi bayani da Hausa, na yi da rantsuwa, na yi da kuka. Yayana ya ja ni gefe ya ce in koma gobe in ce kuskure na yi, kuɗin na gwamnati ne. Na yi niyya, ban ɓoye maku. Na kai har bakin zaure, na ga idonsa, na juyo.

Ran Talata na rubuta wa kwamitin, kunya kamar ta kashe ni. Ta yaya ake tambayar manyan masana da Faransanci ko sun ci gadon marayu? Malamin da ke duba aikina ya kira ni a fusace, ya ce, "Ke kina da hankali kuwa? Mutum nawa ke neman wurin nan?" Laraba suka aiko da takardar dokokin tallafin. Na fassara wa Baba layi-layi. Ya ce, "Takarda ba ta gado. Mutum nake son ji." Na sake rubutawa, na sa lambar wayata. Alhamis shiru. Abinci ma ya ƙi shiga, ina ta zagaya tsakar gida da waya a sama ina neman rezo, wato sabis, kamar mai kiran kaji.

Juma'a, sha ɗaya ta gota, waya ta yi ƙara. Lambar waje. Muryar wata dattijuwa ce da Faransanci, ta ce ita ce matar marigayin, an ce wani na nemanta. Na ruga zaure, Baba na shirin masallaci. Ya ce, "Madalla. Amma ba ke za ki yi tafinta ba, ke mai son tafiya ce." Ni fa, ɗiyarsa! Dole na bar matar a kan layi na fita ba takalmi na ɗauko maƙwabcinmu, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, wanda tafiyarsa sai a hankali. Muna isowa layin ya yanke.

Sha ɗaya da rabi. Na tsaya ina kallon wayar, ba ni da kuɗin kiran waje a cikinta. Mushe na ta ce mani in yi haƙuri, ni kuwa da zan iya da na shaƙe haƙurin. Can matar ta sake kira.

Baba ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, mushe na juyawa. Ta ce an raba gado tun shekarar rasuwar, 'ya'yansu uku duk manya ne masu aiki, kuma su da abokan aikinsa ne ke zuba abin da ya sawwaƙa kowace shekara. Mijinta yana ɗalibi an taɓa gayyatarsa irin wannan taro, rashin kuɗin jirgi ya hana shi, har ya mutu bai daina faɗin abin ba.

Baba ya gyara zama ya ce, "Mushe, ce mata ina yi mata gaisuwar rashi. Allah ya jiƙansa, ya sa wannan ya bi shi har kabari." Sai muka ji tana jan hanci. Ta ce ɗalibai da yawa sun rubuto mata godiya, amma ba wanda ya taɓa tambayar 'ya'yanta.

Ya dube ni. "Ki tafi, uwata. Amma in kika yi wasa da aikin nan, mamaci kika cuta."

Saura minti goma na tura amsar, yatsana na kuskure haruffa. Na je, na yi bayanin murzuna gaban mutanen da nake karanta littattafansu, na kai ƙarshe.

Na daɗe ina jin haushin kwana huɗun nan, ina ba ƙawaye labarin a matsayin taurin kan tsofaffi. Yanzu in na tuna, kunya nake ji. Wasiƙar nan na karanta ta ya fi sau ashirin, Dakar kawai nake gani da jirgi, ko sunan mutumin ban riƙe ba. Baba da bai iya karanta harafi guda a cikinta ba, shi ne ya tambaya ko ya bar 'ya'ya.